Asabar ta Dubu ta Aubrey Tunnicliffe

Kek ɗin ni na gasa shi tun ranar Juma'a, na lulluɓe shi da farin sukari, na rubuta 1000 a samansa da shuɗi. Aubrey Tunnicliffe ne ya zaɓi shuɗin da kansa, wai don ya dace da tawadar alƙalaminsa. Har kicin ya biyo ni, ya tsaya a kaina yana koya mini yadda ake zagaye sifiri, ni da na shekara talatin da ɗaya ina sayar da shayi da kek a bakin tekun Morecambe. Na ce masa na gode ƙwarai, ba don shi ba da har yau sifirina mai kusurwa huɗu ne. Ya ce ba komai.

Abin da ake ƙirgawa har ya kai dubu, Asabar ce. Kowace Asabar da ƙarfe biyu na rana, teburin da ke jikin tagar shagona na masu wasan cike gurbi ne, wannan na bayan jarida mai gidaje fari da baƙi. Ba fa mai sauƙin ba, wanda za a tambaye ka babban birnin Faransa ka rubuta ka tashi. Ɗayan nake nufi, mai murɗaɗɗen zance, wanda mai shirya shi yake ɓoye sunansa, kuma da gaskiyarsa, don da an san gidansa da tuni an fasa masa taga. Kowace tambaya a ciki ƙofa biyu gare ta. Ƙofar gaba tana gaya maka ma'anar kalmar a kaikaice. Ƙofar baya kuma baƙaƙen take ba ka: ɗauki kan wannan kalma, yanke wutsiyar waccan, birkita ta ukun, ka haɗa. In ƙofofin biyu suka kai ka ɗaki ɗaya, to ka samu amsa.

Dokar teburin ba ta da tsawo. A gama kafin ƙarfe huɗu, lokacin da nake rufe shago. Ba a tambayar kowa, ba a taɓa waya, ba a leƙen takardar wani. Ƙamus kaɗai aka yarda da shi, wani jibgege da ke kan kanta kusa da kwalbar alewa. Huɗu na bugawa zan buɗe kwamfuta in duba amsoshin, domin ni ce alƙali, ba don ilimi ba, don shagon nawa ne.

To, Aubrey ya yi Asabar ɗari tara da casa'in da tara a jere bai kuskure ko baƙi ɗaya ba. Kuma da tawada. Wannan kam in ka manta zai tuna maka. Auren 'yarsa ma sai da aka matso da shi safe don kada ya ci masa ƙarfe biyu. Aikin gwiwarsa kuwa sau biyu yana sa a ɗage. Tsohon mataimakin hedimasta ne, shekara saba'in da takwas, kuma har gobe in ka ce masa ina kwana sai ya ɗan yi shiru, kamar yana duba ko ka faɗa daidai.

Ranar ya shigo da kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza da biki, ya ajiye wani ɗan farantin tagulla a kan tebur, da sukurdireba a gefensa. An riga an zana sunansa a jiki, da 1000, da kwanan watan ranar. Bayan kujerarsa za a ɗaura shi da ƙarfe huɗu da minti ɗaya.

"A'a, har da kwanan wata?" in ji Clifford Haigh. Shi ne abokin zamansa a teburin, tsohon direban bas, fensir a bayan kunne, kilina a aljihu, bai taɓa haɗa Asabar shida a jere ba kuma ko a jikinsa. "Hedimasta, ba ka ɗan jira a ga abin da rana za ta yi ba?"

"Masu fensir ne ke jira, Mista Haigh. Misis Entwistle, teburin nan naki har yanzu rawa yake."

"Shekara goma sha tara yana rawa," na ce. "Murnar ganinka ce."

Matarsa Glenys ta zauna inda ta saba, ɗan teburin da ke bayansa, ta fito da saƙarta. Ba ta taɓa yin wasan ba. Aubrey yakan ce, a gabanta, wai Glenys ba makaranciya ba ce, makalliya ce. Shekara ashirin da biyu ta yi tana aiki a silimar bayan tashar jirgi, wadda yanzu ake sayar da darduma a ciki, tana haska wa mutane kujerunsu da tocila. Kowane fim sai ta gan shi sau talatin, sau arba'in, a tsaye, jingine da bangon baya.

Na raba musu jarida, na kawo shayi. Clifford ya buɗe shafin baya, ya duba, sai kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Kai, kai, kai! Hedimasta, yau ranarka ce. Karanta abin da aka rubuta a sama."

"Ba na karanta bayanin sama. Na 'yan koyo ne."

"To bari ɗan koyo ya karanta maka. Amsoshi goma sha biyu na wannan makon daga finafinan sararin samaniya aka ɗebo su. Kumbo, Hedimasta! Dodannin wata duniya! Mutum-mutumi mai jan ido! Ai abincinka ke nan."

Duk garin an san ra'ayin Aubrey a kan irin waɗannan finafinai, don ba ya rowarsa. Manyan mutane da gemunsu su kifa bokiti a ka su ce daga taurari suka zo, abin da yake cewa ke nan. Ya cire marfin alƙalaminsa a hankali, ya ajiye shi daidai da gefen faranti.

"Wanda ya iya ƙofar baya," ya ce, "ba ruwansa da abin da aka rataya a ƙofar gaba."

Ni kuwa ba zan ci masa haƙƙi ba, mutumin ya iya. Ina goge kofuna ina satar kallonsa. Bai taɓa ganin ko ɗaya daga finafinan ba, amma ya dinga zaro sunayensu baƙi bayan baƙi kamar mai cire ƙaya daga kifi. Ya fitar da Jirgi na Tara Bai Dawo Ba, ya yi tsaki. Ya fitar da Matan Duniyar Ƙanƙara, ya ce Allah ya shirya. Ya fitar da Mutum-mutumin da Ya Ƙi Barci, ya ce da ma ya yi barcin kowa ya huta. Clifford kuwa kowanne ya samu sai ya buga tebur, teburin ya yi rawa, shayi ya fantsama.

"Wannan na gan shi sau uku! Glenys, kin tuna wurin da kyaftin ya buɗe ƙofar kumbo ya tarar..."

"Mista Haigh. Doka."

"Ai na riga na rubuta, kai ma ka rubuta."

"Doka ba ta ce a yi surutu bayan an rubuta ba."

Uku da kwata sai ga takardar Aubrey ta cika, shuɗi tsaf, ba gogewa. Saura gurbi ɗaya: na goma sha bakwai a kwance, baƙaƙe shida. Uku sun riga sun zauna daga kalmomin da suka ratsa shi, G a farko, R a na uku, E a na biyar. Ƙofar gaba cewa ta yi, koren abin da ya mamaye gari.

Ya jawo takardar goge baki ya bi ta ƙofar baya. Ya ɗauki kai, ya yanke wutsiya, ya birkita, ya haɗa. Minti biyu bai cika ba ya rubuta abin da ya samu da manyan baƙaƙe: GURVEX. Ya zuba masa ido. Ya sake bi daga farko, ya sake samun GURVEX. Sai ya miƙe, ya ɗingisa zuwa kanta, ya ɗauko ƙamus.

Babu.

Ya lashi yatsa ya koma shafi ɗaya baya. Babu. Ya duba can ƙarshen littafin, inda ake tara sunayen gumakan mutanen da da na duwatsu. Babu.

"Misis Entwistle, ƙamus ɗin nan cikakke ne? Ba a yage wani shafi ba?"

"Na yage biyu na naɗe kifi," na ce. "Amma ba daga G ba."

Da na zo ƙara masa shayi ne idona ya faɗa kan takardar goge bakin, sai da butar ta kusa suɓuce mini. Domin ni na san kalmar nan. Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan Tunnicliffe har shayin ya nemi hanya ya san ta. A bayan ƙofar banɗakinsu na ƙasa akwai wani tsohon hoton tallan fim da Glenys ta taho da shi daga silima. Wani koren dodo ne, kamar kabejin da ya yi fushi, ya rungume hasumiyar agogo, mutane na gudu a ƙarƙashinsa. A sama kuma, da jan rubutu, kowane baƙi ya kai tafin hannu: GURVEX YA FARKA. A falo ta so ta rataya shi tun farko, Aubrey ya ce ba a gidan malamin makaranta ba, ta kai shi inda ya dace da shi. Kuma a wannan banɗakin ne Aubrey yake zama kowace safiya ta Allah, rabin awa, da jaridarsa. Taku ɗaya ne tsakanin hancinsa da hoton. Sai dai kansa a sunkuye yake.

Na dubi Glenys. Ita ma ta hango takardar ta saman kafaɗarsa. Alluran saƙarta sun tsaya cak.

"Gurvex," Aubrey ya faɗa ƙasa-ƙasa, kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa. "Wannan ai sunan maganin wanke masai ne."

Clifford ya ƙware da shayi. Shi tuni ya cike nasa, ya kifa jaridar, ya rungume hannu. Fuskarsa ta yi ja kamar mai riƙe atishawa a coci.

"Lafiya, Mista Haigh?"

"Lafiya lau, Hedimasta. Masai kawai na tuna."

Uku da rabi ta yi. Aubrey ya bi ƙofar baya karo na huɗu, ta sake kai shi inda ta kai shi. Duk wanda ya san wasan nan ya san in ƙofar baya ta ba ka abu sau huɗu, rubutawa ake yi, ko da kuwa kama yake da tarin akuya. Aubrey ma ya sani, shi ya koya wa Clifford. Amma shekara arba'in ya yi yana jan layi da jan biro a ƙarƙashin duk kalmar da ba ta cikin ƙamus, yana rubuta wa 'ya'yan mutane "babu wannan" a gefe. Yanzu a ce ya sa tawadarsa, a ranarsa ta dubu, a kan abin da babu?

Glenys ta ajiye saƙa a cinya. Gaya masa bai halatta ba, in ta furta, Asabar ɗin ta ɓaci. Ta ɗan gyara murya.

"Aubrey."

"Ina aiki."

"Na ce ko za ka je gida ka ɗan zaga? Minti biyar ne tafiyar. Ka je ka dawo da sauran lokaci."

Ya juyo gaba ɗaya, har kujerar ta yi ƙara. "In me?"

"Ka zaga. Shayi kofi uku ka sha."

"Akwai banɗaki a nan, Glenys, in ma ina bukata, kuma ba na bukata."

"Na gida ya fi. Na ƙasa. Ka zauna a natse, ka rufe ƙofa, ka ɗaga kanka ka sha iska."

Clifford ya kifa fuska a kan tebur. Ni kuwa a matsayina na alƙali na yi saurin bin dokokin a raina, ban ga inda aka hana mutum zagawa ba.

"Gaskiya, Mista Tunnicliffe," na ce, "nawa ma famfonsa na ɗan ba da wahala yau. Da ni ce kai, gida zan tafi."

"Ni ma na ba da shawarar haka," in ji Clifford daga cikin hannun rigarsa. "Likitoci sun ce yana buɗe ƙwaƙwalwa."

Aubrey ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kunnuwansa sun yi jawur. "Shekara arba'in da shida da aure," ya ce, "yau ne aka ga ya dace a tattauna cikina a bainar jama'a, a gaban kek. Glenys, saƙarki. Abin da ake yi a teburin nan ba da tocila ake yinsa ba."

Glenys ta dube shi na ɗan lokaci. Ta ɗauki alluranta, ta ci gaba, kuma na lura saƙar ta fi ta ɗazu sauri.

Saura minti goma sai na ga fuskarsa ta washe. Irin washewar da ba ta kai ido ba.

"Lambu," ya ce.

Kalmar lambu a harshenmu na Turanci, GARDEN, baƙaƙe shida ce, kuma G da R da E ɗin duk suna zaune inda ake so. Tana cikin ƙamus, da kakanninta da jikokinta.

"Koren abu," ya ce, yana buga alƙalami a tebur. "Lambu kore ne. Ya mamaye gari, to wane gida ne ba shi da lambu a ƙasar nan? Ya fito sarai."

"Ƙofar baya fa, Hedimasta?" in ji Clifford. Wannan karon ba dariya a muryarsa. "Kai ka ce mini kada in kuskura in rubuta abin da ƙofa ɗaya kawai ta ba ni."

"Mai shirya wasan ya yi kuskure a ƙofar baya. Yana faruwa. Zan rubuta musu wasiƙa."

"Aubrey," in ji Glenys, ba ta ɗago ba, "har yanzu in ka yi sauri..."

Ya sa alƙalami ya rubuta lambu, baƙi bayan baƙi, da kyakkyawan rubutun nan nasa mai kwanciya dama. Ya busa tawadar. Ya mayar da marfi. Ya jawo sukurdireba kusa.

Agogon bakin teku ya buga huɗu. Na rufe ƙofa, na buɗe kwamfuta, na sa tabarau. Na bi na tsaye duka, daidai. Na bi na kwance, ina ja kamar mai taka ƙanƙara. Da na iso goma sha bakwai na tsaya, na cire tabarau na goge, na mayar, ko Allah zai sa jaridar ta sake shawara. Ba ta sake ba.

"Gurvex," na ce.

Ba wanda ya motsa. Wani tsuntsun teku ya sauka a bakin taga ya leƙo, shi ma da alama kek yake jira.

"Babu wannan kalmar," in ji Aubrey.

"Ga ta a takardar goge bakinka," in ji Clifford. "Sau huɗu. Da rubutunka."

"Ba ta cikin ƙamus. Wa ya taɓa jin ta? A ina mutum mai ilimi zai gamu da irin wannan abu?"

Glenys ta naɗe saƙarta, ta soke alluran a cikin ƙwallon zaren, ta sa a jaka, ta ja zif. Sannan ta yi magana, a hankali, kamar mai nuna wa baƙo kujerarsa.

"A bayan ƙofar banɗakinka, Aubrey. Da jan rubutu. Kai ka ce a kai shi can."

Ya buɗe baki.

"Ka san dalilin da ya sa na ajiye hoton? Sau ɗaya ka taɓa shiga silima, ranar da ruwan sama ya koro ka. Na haska maka kujera a layi na bakwai, ka zauna da jiƙaƙƙiyar hula a gwiwa, kafin dodon ya fito ka yi barci. Da aka tashi ni na tashe ka, ka ce in ba damuwa za ka raka ni tashar bas. Fim ɗin da ake yi ranar ke nan."

"Ban... ban lura ba."

"Na sani. Ai ni ce makalliya."

Clifford ya miƙe ya ɗauki wuƙar kek. Na zaci zai mayar mini da ita kicin, ashe a'a. Ya auna da ido, ya yanko daidai wurin da 1 take, ya ɗora a faranti, ya kai wa Glenys har teburinta da ɗan rusunawa. Abin da ya rage a tire sifiri uku ne, shuɗaye, a jere, zagayayyu kamar yadda aka koya mini.

"Ga naka, Hedimasta," ya ce. "Daga nan ake farawa. Asabar dubu ai shekara goma sha tara ce kawai. Kana casa'in da bakwai za mu sake gasa wani."

Aubrey bai ci ba. Ya sa kwat, ya ninke jaridar da shafin wasan a ciki, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran Glenys. Ita kuwa ta cinye yankanta tas, ba gaggawa, har ta dangwale ɓurɓushin da yatsa, ta kira ni da sunana, Muriel, ta ce kek ya yi daɗi, lemon tsamin ya fito. Sannan ta tashi.

Aubrey ya tafi da sukurdirebarsa. Farantin tagullan ne ya bari a kan tebur, ban sani ba ko mantuwa ce.

Asabar ta gaba ƙarfe biyu sai ga shi, da alƙalaminsa, da Glenys a baya. Ba wanda ya ta da zancen. Sai dai na ga kafin ya cire marfi ya karanta bayanin sama, sau biyu, yana kare shi da hannu kada Clifford ya gani. Ya dafa teburin zai gyara zama, sai ya tsaya. Ya sake dafawa. Ya girgiza shi.

"Misis Entwistle, teburin nan ya daina rawa."

"Ya daina," na ce. "Na samu wani ɗan ƙarfe daidai kauri na sa a ƙarƙashin ƙafar. Kada ka damu, rubutun ƙasa yake kallo."